Giyabos ɗin Jar Motar Zurmi

Shekarun baya, lokacin jiharmu ba ta wuce shekara uku da kafuwa ba, ina da ɗan gareji a Ƙauran Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa. Gareji dai a suna: rumfar kwano ce, da darbejiya guda, da wani rami da nake shiga in leƙa ƙarƙashin mota. Aikina giyabos. Ban iya fenti ba, wayarin ma sai na kira wani, amma idan giya ta ƙi shiga ko tana tsalle tana fita, daga Shinkafi har Zurmi ni ake aiko wa. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura da wannan.

A shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a. Wuraren shan barasa na bakin tasha duk aka rufe su, kowace la'asar akwai wa'azi, mutane suna mayar da kayan da suka riƙe wa wasu, masu gaba suna neman juna gafara. Ni ma na tsayar da gemu, na ɗage wando, na shiga yi wa abokan sana'a nasiha a kan bakaniken da zai sa tsohon boris ya ce sabo ne. Na iya maganar gaskiya ƙwarai a wancan lokacin, tunda ba ta taɓa zuwa inda za ta yi mini nauyi a baki ba.

Wata safiya abokina ya zo garejin. Malamin makaranta ne a nan Ƙaura, amma mutumin Zurmi ne. Ya zauna a benci ya daɗe yana kallon ina wanke wasu ƙarafa, sannan ya ce, "Wata mota nika so ka duba. Ta Baba ta. Giyabos nata yam mutu tun ina ƙarami."

Sai ya ba ni labarin. Mahaifinsa tsohon mai sayen gyaɗa ne, tun zamanin da jirgi ke cika da buhuna daga Ƙaura. Da wani Baturen injiniyan reluwe zai koma ƙasarsu, ya sayar masa da motarsa: ja, mai kujera biyu kacal, gajeruwa kamar ta kwanta a ƙasa, rufinta na tamfol ana naɗe shi a baya. Irin motocin gudun nan na Turawa. Ko buhu ɗaya ba ta ɗauka, amma tsohon yana son ta fiye da hankali. Kusan shekara ashirin kafin wannan magana, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya are ta zai je Shinkafi ran kasuwa. Kusa da Katuru giyabos ya yi wata ƙara ya ƙame, ƙafafun baya suka daina juyawa. A bayan babbar mota aka maido ta Zurmi. A ranar, a cikin zaure, gaban mutane, tsohon ya rantse da Allah ƙaninsa ne ya kashe ta da ganganci da son a gani, ya ce kada ya ƙara tako masa gida sai ranar da zai amsa laifinsa. Ƙanin bai amsa ba, bai kuma musa ba. Cikin mako guda ya kwashe iyalinsa ya koma Shinkafi ya kama cinikin dabbobi. Tun daga nan ba biki ba suna. Ko a wurin gaisuwar mutuwa suka haɗu, kowa tabarmarsa daban.

"Yanzu Baba ba shi da lahiya," in ji abokina. "Ƙahwahu sun kumbura, likita bai ba mu wani ƙwarin gwiwa ba. In anka fara wa'azin zumunci a rediyo, sai shi kashe. Na ce in motar nan tat tashi, ba shi da sauran abin riƙo. Ba ni so shi mutu da wagga gaba."

Na amsa nan take. Zan so in ce tausayi ne ya sa, amma rabin dalilin shi ne ban taɓa buɗe irin wannan giyabos ba, kuma har na fara hango kaina ina zagaya Ƙaura a jar mota ana nuna ni.

Muka je Zurmi da sassafe. Motar tana cikin wata rumfar zana a bayan gida, an ɗora ta a kan duwatsu, an lulluɓe. Da aka yaye, fentin ya dushe amma jikinta lafiya lau, ko ƙura babu sosai, alamar ana share ta. Aka fito wa tsohon da kujera ya zauna a inuwa, ƙafafunsa a kan matashi. Dogo ne, mai ƙaramar murya, irin mutanen da ba su saba a mayar musu da magana ba. Ya bi hannuwana da ido tun daga sifana ta farko.

"Yaro, ka bi ta a hankali," ya ce. "Motar ga, tun da nis saye ta ba wanda yat taɓa zuba mata mai sai wanga hannu. Ko na inji ko na giya. Ko bakanike ban yarda ba. Rana guda nib ba da aro, ka ga abin da anka yi man."

Na ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba. Ai ga alama nan, mota ta samu kulawa." Na faɗa da zuciya ɗaya kuwa.

Irin wannan mota ba a fitar da giyabos ɗinta sai an ɗago inji gaba ɗaya, don haka sai bayan la'asar muka gama. Muka ɗora giyabos ɗin a a-kori-kura muka dawo Ƙaura.

Ni yadda maigidana ya koya mini, ba a yanke wa giyabos hukunci daga waje. Za ka shimfiɗa buhu mai tsabta, ka kwance shi ɗaya bayan ɗaya, kowane ƙarfe ka ajiye shi a jere yadda ya fito, ka wanke da kananzir, sannan ka zauna ka duba. Kuma kafin ka wanke komai, ka fara shinshina mai. Washegari na kwance notin ƙasa na tara kwano, ko ɗigo bai fito ba. Na buɗe murfin gefe. Haƙora uku suka faɗo mini a hannu, a karye. Gidan giyabos ɗin kansa ya tsage daga ciki, inda guntun haƙori ya shiga tsakanin giya biyu ya tura bango. Wannan duk na saba gani. Abin da ban saba gani ba shi ne abin da ya lulluɓe ƙarafan. Baƙin mai ko ya shekara talatin yana nan baƙin mai, sai dai ya yi kauri. Wannan kuwa wani abu ne ruwan ƙasa-ƙasa, mai danƙo, ya bushe a jikin ƙarfe sai an kankare da wuƙa. Na kai hanci. Na san warin, amma na ƙi yarda da hancina.

Mahaifiyata tun ina yaro ƙuli-ƙuli take yi. Da na koma gida cin abincin rana, na kankaro ɗan danƙon a takarda na miƙa mata, ban ce mata komai ba. Ta shinshina sau ɗaya ta kawar da kai.

"Wa yab bar man gyaɗa yal lalace haka? Wanga ai ya shekara da shekaru."

Na koma gareji na ci gaba da wanki. Direban da ke wasa da mota yana barin shaida, ko ya so ko bai so ba. Akwai wasu zobba na tagulla da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga; mai fizgar giya yana cinye su. Na wannan giyabos kaifinsu na nan. Ƙananan haƙoran da ke kamawa idan an sa giya, mai gaggawa yana farfasa musu baki. Waɗannan ko ɗaya bai ɓantare ba. Giyar farko da ta baya, waɗanda su ne suka fi shan wahalar ɗan ganganci, lafiyarsu lau. Duk wanda ya tuƙa motar nan a ranarta ta ƙarshe, hannunsa mai taushi ne.

Sai na zo kan sandar ƙasa, wadda jerin giya ke juyawa a kanta. Tana da wata 'yar huda da mai ke bi ya isa ga ƙananan boris masu siffar allura. Hudar ta toshe da danƙon nan, sai da na sa waya na tona. Boris ɗin sun ƙone sun yi shuɗi, wasu sun narke sun manne da sandar. To ga yadda abin ya faru: an zuba man gyaɗa, ya yi aiki na ɗan lokaci, ya ɗau zafi ya huce, ya ɗau zafi ya huce, ya daskare ya toshe hanyar mai. Boris suka yi ta juyawa a bushe har ranar da suka ƙame. Ko limamin gari ne a kan sitiyari yana tafiyar hawainiya, a ranar ko a makon motar za ta tsaya. Kuma da kunnena na ji wanda ya ce hannunsa kaɗai ke zuba mata mai.

Maganar gyara ba ta ɗauke ni yini ba. Gida ya tsage, jerin giyar ƙasa ya tafi, sanda ta ƙone. Na aika Kano da Kaduna a tambaya mini, aka ce ko sunan kayan ba su ji ba. Giyabos ba ya gyaruwa. Da na faɗi wannan kaɗai, ba wanda zai ce na yi ƙarya, kuma na sauke nauyin aikina. Amma tsohon zai ji cewa ɓarnar ƙaninsa ta kai har ba ta gyaruwa, ya ƙara riƙe abin da ya riƙe.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina juya abin. Duk sanda abokina ya leƙo sai in ce, "Ina kan dubawa." Na tara wa kaina dalilai masu kyau. Mutum ne marar lafiya, labarin zai iya ƙarasa shi. Ba gidanmu ba ne. An kira ni duba ƙarfe ne, ba shari'a ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ban san yadda zan dubi dattijon da ya isa ya haife ni in ce masa rantsuwar da ya yi shekara ashirin yana tsaye a kanta, a kan kuskure ya yi ta ba. A kwanakin nan ban fasa yi wa abokan sana'a nasiha ba, kun ji halin ɗan'adam.

Mahaifiyata ce ta lura ba na cin abinci. Na ba ta labarin duka, har da dalilaina, na jera mata su tsaf ina jiran ta ce na yi hankali. Ta ci gaba da murza tunkuzarta, can ta ce, "Kana ta tsoho, tsoho, ba shi da lahiya. Shi wanda anka ɗora wa laihin, yaro na? Ko kai anka ba takardar kwanansa?"

Washegari na kira abokina na nuna masa komai a kan buhun. Ya daɗe a tsugune, ya ɗauki sandar ya ajiye, ya sake ɗauka. Ya ce, "Kai za ka hwaɗa mai. Ni ba ni iyawa."

Na zuba ƙarafan a daro, na rufe da tsumma, muka tafi Zurmi. Muka same shi a zaure da baƙi 'yan dubiya. Na roƙi abokina cikin raɗa ya sallame su, don na san abin da zaure mai mutane ya taɓa jawowa a gidan nan. Da muka rage mu uku, na durƙusa na ce, "Baba, giyabos ba shi gyaruwa. Amma akwai abin da nig gani ciki, in ka ba ni izini."

"Hwaɗi."

Na nuna masa zobban tagulla, na ce mai ganganci ba ya barin su haka. Na nuna masa haƙoran. Ina ta tsawaita bayani don kada in iso inda za ni. Ya katse ni.

"To in ba tuƙi ba na, mi yak kashe ta?"

Sai na ɗauki sandar, wadda da gangan ban wanke gefenta ɗaya ba, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya duba, ya kai hanci. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin gyaɗa ba sai an yi masa fassara ba. Ya riƙe ta a wurin bai sauke ba. Na ga fuskarsa tana sauyawa a hankali, kamar mai jin sallama daga nesa yana ƙoƙarin gane muryar.

"Shekarar da mai yay yi wuya," ya ce, ba da mu yake ba. "Tana ɗiga. Za ni Gusau da sahe, na nemi mai duk garin ga babu. Nic ce bari in zuba kwalba guda, in na dawo in juye." Ya sauke sandar kan cinyarsa. "Ban juye ba. Na manta. Wallahi na manta."

Ya yi salati, ya maimaita. Hawaye suka bi gemunsa, bai share ba. Abokina ya juya baya. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon daro, ina jin da ma ƙasa ta buɗe in shige. Can tsohon ya ce a nemo mota gobe da safe, za shi Shinkafi. Abokina ya ce jikin Baba ba zai ɗauki hanyar ba, bari a aika a kira ƙanin. Tsohon ya ce, "Ni nik kore shi. Ni za ni." Ya dube ni ya ce, "Da kai, da ƙarhen ga. Kai za ka yi mai bayani yadda kay yi man."

Muka kwantar da kujerar gaba muka sa masa matasai. Tun daga Zurmi sandar tana kan cinyarsa a naɗe. Da muka zo wajen Katuru ya ɗaga kai ya dubi bakin hanya, ya mayar.

Mun sami ƙanin a ƙofar gidansa a Shinkafi da hantsi, yana ba wasu tumaki dusa. Ban taɓa ganinsa ba, amma ko a kasuwa na gan shi zan gane, kamarsu ɗaya, sai dai shi siriri ne, gemunsa ya yi fari fat. Ya ga wanda muke fitarwa daga mota. Ya ajiye kwaryar, ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Yaya, sannu da hanya. Ya jikin?"

Haka kawai, kamar jiya suka rabu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure muka zaunar da tsohon. Sai ya yi mini nuni. Ni kuma na kwana ina shirya bayanina, har da inda zan tsaya in nuna hudar mai. Na warware tsumman, na gyara murya, na fara da zobban tagulla. Ban kai ko'ina ba ya ɗaga mini hannu.

"Bari, ɗana. Na sani."

Ya juya ga wansa. "Man gyaɗa na. Yaya, ni nir riƙe maka mazurari ranar."

Tsohon ya dube shi. "Ka sani? Duk shekarun ga ka sani? Mi yah hana ka hwaɗi?"

"Ka rantse gaban mutane, cikin zaurenka. In na buɗe baki, na ƙaryata ka gabansu, ni ƙaninka. In na amsa, na yi ƙarya. Nic ce bari in ba ka wuri, in ka huce za ka tuna da kanka." Ya sunkuyar da kai. "Na yi ta jira. Ban zaci za ka daɗe haka ba."

Ban ga abin da ya biyo baya ba. Abokina ya ja hannuna muka fita, muka tsaya wajen tumakin nan muna jin kukan dattawa biyu ta bayan bango. Ban taɓa jin nauyin da na ji a ranar ba, ina tsaye da ƙarfe a hannu, na zo koya wa mutum abin da ya sani tun kafin in fara riƙe sifana.

A motar da muka zo muka koma Zurmi mu huɗu. Ƙanin bai sake kwana a Shinkafi ba sai bayan da wansa ya rasu, wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan. Shi ya yi jinyarsa, shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Motar kuwa ba ta ƙara tashi ba. Na mayar da injin wurinsa, aka lulluɓe ta.

Har yau ban gama sanin yadda zan ɗauki shirun ƙanin nan ba. Wani lokaci in ga ban taɓa ganin ladabi irinsa ba. Wani lokaci in ji haushi ya kama ni, in ce da ya bari baƙi sun watse ya je ya raɗa wa wansa kalma biyu, da 'ya'yansu sun tashi sun san juna. Amma ba ni da bakin zarginsa. Shi ya yi shiru don kada ya kunyata wansa, ni na yi shiru don kada in ji kunya ni kaina.

Sandar tana nan a garejina, abokina ya ce in riƙe. Gefen da ban wanke ba har yanzu yana da ɗan warin idan ka kai hanci sosai. Mutane suna yaba mini a kan labarin nan, suna cewa na haɗa zumunci, ni kuwa ba wannan nake tunawa ba. Bayan shekara ashirin, abin da ya rage wa mutanen nan su zauna tare bai cika wata uku ba, kuma a cikinsa na cinye kwana goma sha ɗaya ina cewa ina kan dubawa. Na nemi gafarar abokina, ya ce ba komai. Tsohon ne ban samu na nema ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.